A Gwada Tsirran Ƙasar Kanwa Kafin a Kira Su Magani

Duk malamin makaranta a ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, ya san makero a kawunan yara da ƙyasfi a wuyan samari. Manomi kuma ya san yadda gyaɗa kan yi funfuna idan an adana ta da danshi. Asalin waɗannan abubuwa uku guda ne, wato ƙananan halittun nan dangin funfuna. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da manyan makarantun Jihar Katsina za su duƙufa wajen gwada tsirran da ke jure gishiri da kanwa, ko a dace da maganin waɗannan halittu, amma bisa sharaɗin a yi gwajin da gaskiya.

Kada mai karatu ya ɗauki al'amarin da wasa. A shekarar 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna, kuma ta haka aka gano gubar afalatoksin wadda ke lalata hanta. A 2004 wannan guba ta kashe mutane 125 a Kenya ta hanyar masara. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin dangin funfuna 19 masu barazana ga ɗan Adam. Magungunan da ake da su 'yan kaɗan ne, domin ginin ƙwayar halittar funfuna ya yi kama da namu ƙwarai, saboda haka abin da zai kashe ta ya bar mutum lafiya yana da wuyar samu.

To, me ya sa tsirran gishiri? Tsiron da ke rayuwa inda gishiri ya yi yawa kullum cikin wahala yake, kuma yakan ƙera sinadarai na musamman don kare kansa. Wannan ne ya sa masana a ƙasashen da ke bakin teku suke gwada tsirran fadamun ruwan gishiri. Mu ba mu da teku, amma muna maƙwabtaka da ƙasar kanwa. A kwarurrukan Manga da ke Jamhuriyar Nijar, inda ake haƙo kanwar da ke shigowa kasuwanninmu, goriba na tsaye cikin ƙasa mai gishiri. A yankin Tafkin Chadi akwai itacen asuwaki, wanda masana ke kira Salvadora persica, har mutanen can sukan ƙone shi su tace tokarsa su sami gishiri. A gida kuma ga bagaruwa da aduwa masu jure ƙasa mai wuya. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa a littafi, amma rubuta suna daban, gwada amfani daban.

Gwajin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Da farko a tabbatar da sunan tsiron a ma'ajiyar busassun tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A shanya shi a inuwa, a daka, a jiƙa garin cikin ruwa ko itanol, a tace. Sai a shuka funfunar a farantin gilashi mai ɗauke da abincinta, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga ruwan tsiron. Bayan 'yan kwanaki, idan an ga fili kewaye da ramin inda funfunar ta kasa tsirowa, sai a auna faɗinsa da milimita.

A nan ne masu bincike da yawa kan yi tuntuɓe. Gishiri da kansa yana hana funfuna yaɗuwa, shi ya sa ake barbaɗa shi a kan fata da nama. Idan an ga fili kewaye da ruwan tsiron gishiri, wa ya yi aikin, tsiron ko gishirin da ke cikinsa? Dole a ware rami guda a zuba ruwan gishiri zalla daidai da wanda ke cikin tsiron. Haka itanol yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka shi ma a ba shi nasa ramin. Wani ramin kuma a sa sanannen magani irin fulukonazol domin kwatanci. A maimaita gwajin aƙalla sau uku. Wanda bai yi haka ba, adon faranti kawai ya yi.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun daɗe suna amfani da waɗannan itatuwa, me za a gwada kuma? Ilimin kakanni shi ne ke nuna mana inda za mu fara dubawa, kuma sau da yawa yakan yi daidai. Lalle misali ne: a 1978 masana a Indiya suka nuna cewa sinadarin da ke rina hannu a ganyensa yana hana funfuna tsirowa. Sai dai gwaji ne kaɗai ke faɗin yawan da ya isa magani da yawan da ya zama guba. Bugu da ƙari, abin da ya yi aiki a faranti ba lallai ya yi a jikin mutum ba. Makeron kai yana shiga cikin gashi ne, shi ya sa likitoci kan ba da maganin sha irin girisiyofulbin, wanda aka fara amfani da shi a 1958. Kada a hana yaro zuwa asibiti don an ji labarin wani ganye.

Kirana ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura shi ne su haɗa kai da masu maganin gargajiya, su girmama iliminsu, su kuma buga sakamako ko da tsiron ya gaza, domin sanin abin da ba ya aiki shi ma ilimi ne. Malaman sakandare kuwa za su iya koyar da wannan hanya ta amfani da yis ɗin burodi, wanda shi ma dangin funfuna ne kuma ba shi da haɗari. Kada a bar ɗalibi ya shuka abin da aka kankaro daga kan mara lafiya. Ɗalibin da ya koyi tambayar "an gwada, kuma da me aka kwatanta?" ya riga ya kama hanyar kimiyya. Hausawa sun ce gani ya kori ji.