Canjaras a ina? Ƙwallo ake bugawa?

Tun da aka watse daga Ibadan nake shan tambaya guda. Shekaranjiya a teburin mai shayi a Sara wani ƙanena ya tare ni: "Yaya, ai su ma suna da odarsu, mu ma muna da tamu, ka ga an yi canjaras." Wallahi sai da na ajiye kofina.

Ran 27 ga Oktoba 2025 Baba Sule Lamido ya je Wadata Plaza da ƙafarsa sayen fom ɗin takarar shugabancin PDP, ya dawo hannu Rabbana. Mutumin da da shi aka kafa jam'iyyar a 1998! Bai tara yara ba, bai fasa ƙofa ba, kotu ya nufa. Ran Juma'a 14 ga Nuwamba, Mai Shari'a Peter Lifu na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci bayan ya ji kowane ɓangare: ba babban taro sai an ba Lamido damar sayen fom. Tun 31 ga Oktoba ma Mai Shari'a James Omotosho ya tsayar da taron a wata ƙarar daban. Washegarin hukuncin Lifu, aka kafa rumfuna a Ibadan kamar ba a ce komai ba.

Hujjarsu fa? Odar Mai Shari'a Ladiran Akintola na Babbar Kotun Jihar Oyo, can gidan mai masaukin taron. Oda ce ta wucin gadi, irin wadda alƙali ke bayarwa bayan ya ji bakin mutum ɗaya. Jama'a, wanda ya taɓa rigimar gona a Gwaram ya san bambancin. Ka riga abokin shari'arka zuwa, ka faɗi naka, ba shi ne ka ci gona ba.

Kuma kotun jiha da ta tarayya sa'o'in juna ne, ɗaya ba ta goge hukuncin ɗaya. In hukunci bai yi maka ba, ga Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kafin ta yi magana, sashe na 287 na tsarin mulki ya ɗora wa kowa bin hukuncin, ko ɗan dako ne ko gwamna.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa tsoro. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC kaf a Zamfara saboda ba su yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba, Matawalle ya zama gwamna a tutarmu. Ranar har rawa muka yi a Birnin Kudu, muna cewa shari'a ta yi halinta.

To kai mai shirin neman majalisa a 2027, kafin ka sayar da gonar gado ka sayi fom, tambayi wa zai sa hannu a takardar da za a kai wa INEC da sunanka, kuma wace kotu ce ta san da zamansa.