Ra'ayi: Wa ke riƙe da lafiyar yaron Madarumfa bayan ya cika shekara biyar?

Tun daga 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, na yara ne daga wata uku zuwa wata 59. Awon damtse, cibiyoyin tamowa da yawancin alluran riga-kafi duk a kansu aka tsara su. Babu mai jayayya da wannan, domin a waɗannan shekarun ne aka fi rasa yara. Sai dai ranar da yaro ya cika biyar, sai tsarin ya sake masa hannu. Ba a sake waiwayarsa sai ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga zuwa asibiti, yarinya kuwa sai ranar da ta zo awon ciki.

Shekaru goma ke nan ko fiye, daga biyar zuwa sha biyar, da babu wani ma'aikacin lafiya da za a nuna a ce wannan nauyinsa ne. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan giɓi ya fi ƙarfin a kau da kai. Abin da nake ganin zai cike shi shi ne a buɗe karatun ƙwarewa ga ma'aikatan jinya da suka riga suka sami digirin farko, su fito a matsayin ƙwararru kan lafiyar makarantu da ta al'umma, a kuma fara gwajin daga gundumar Madarumfa.

Na zaɓi Madarumfa ne saboda ta riga ta nuna abin da aiki mai tsari ke haifarwa. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta daɗe tana aiki tare da hukumomin lafiya a nan kan tamowa da cututtukan yara. A ƙauyukan wannan gunduma aka gwada riga-kafin gudawar jarirai na Rotasiil, wanda ke jure zafi, a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna yana rage gudawa mai tsanani da ƙwayar rota ke haddasawa da kusan kashi biyu cikin uku, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. 'Ya'yan wannan ƙasa ne suka bi gida-gida, suka riƙe rajista, suka bibiyi jariran. Wanda ya iya wannan ba zai gaza bibiyar 'yan makaranta ba, in an koya masa an kuma ɗora masa nauyin.

Cututtukan 'yan makaranta ba su cika yin ƙara ba. Yaron da ke wanka a tafkin Madarumfa ko yake taya mahaifinsa ban-ruwa a Jiratawa yana iya ɗaukar tsargiya, ya yi shekara yana fitsarin jini bai faɗa wa kowa ba, wani wurin ma a ɗauka alamar girma ce. Tsutsar ciki da ƙarancin jini su sa yaro gyangyaɗi a aji, malam ya ce malalaci ne. Wanda idonsa ba ya hango allo a kira shi daƙiƙi. Mai farfaɗiya abokansa su guje shi har ya bar karatu. Yarinyar da ta fara al'ada, a makarantar da babu makewayi mai ƙofa, sai ta riƙa fashin kwanaki kowane wata, daga nan kuma a ce aure ya fi mata. Duk waɗannan ana iya gano su da awo mai sauƙi, in akwai mai dubawa.

Akwai kuma annoba. Lokacin sanƙarau na 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki. Mashaƙon da ya ɓulla a jihar Damagaram da Kano a 2023 ya kama yara masu shekarun makaranta da yawa. Mutanen Madarumfa kuwa ba su manta kwalarar 2018 ba. Waɗanda aka fara gani sun tsallako ne daga Jibiya ta jihar Katsina neman magani a cibiyar lafiya ta N'Yelwa, a watan Yuli. Zuwa farkon Oktoba an lissafa sama da mutum 3,600 da suka kamu a ƙasar, kusan 70 suka rasu, Madarumfa ce kuma ta fi jin jiki. Annobar ta zo cikin babban hutu, aka koma aji ba ta gama lafawa ba. Wa ya duba randar ruwa da makewayin kowace makaranta kafin a buɗe? Wa ya leƙa makarantun allo, waɗanda ba su bin hutun boko? Shi ya sa nake haɗa makaranta da al'umma a wuyan ƙwararre guda.

Wani zai ce ai muna da ma'aikatan jinya a cibiyoyin CSI. Gaskiya ne, kuma suna aiki fiye da ƙarfinsu. Manjon cibiya shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai cike rahoton wata, shi ake tasa cikin dare, da damina kuwa layin masu zazzaɓi ba ya yankewa. Karatun da ya yi a ENSP ta Yamai ko ta Damagaram ya fi karkata ga wanda ya zo da ciwo. Fita neman ciwon da bai bayyana ba wani fanni ne daban: yadda ake auna gani da ji na aji guda a wuni ɗaya, yadda ake karanta rajistar fashi a gane annoba na tasowa, yadda ake magana da budurwa ba tare da an kunyata ta ba, yadda ake gane yaron da ake cutarwa a gida, yadda ake zama da mai gari da liman har su yarda. Taron horo na kwana uku a otal, a raba kuɗin zama a watse, ba ya koyar da wannan.

Duniya ta daɗe da gane haka. A 1902 aka tura wata ma'aikaciyar jinya, Lina Rogers, makarantu huɗu a birnin New York na Amurka, gwajin wata ɗaya, domin ta yi wa yara magani a makaranta ta kuma bi su gida maimakon a kore su. Ganin yadda fashi ya ragu ya sa birnin ya ɗauki wasu. A Ingila yau, kafin a kira mutum ƙwararren ma'aikacin jinya na makaranta sai ya ƙara karatun kusan shekara guda bayan ya zama cikakken nas, yana raba lokacinsa tsakanin aji da fili, a kuma rubuta sunansa a wani sashe na musamman na rajista. Maƙwabciyarmu Nijeriya ma tana da karatun ƙarin ƙwarewa kan jinyar lafiyar jama'a.

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi tana da tsangayar ilimin lafiya, kuma daga can zuwa Madarumfa bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Ana iya tsara karatun shekara guda tare da cibiyar ISP ta Yamai, rabi a aji, rabi a makarantu da ƙauyukan gundumar. A zaɓi ɗaliban daga cikin waɗanda ke bakin aiki, masu jin harshen mutanen, a bai wa mata kaso mai tsoka. A fara da ƙananan hukumomi shida na gundumar: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kowace ta sami aƙalla ƙwararre ɗaya da babur da man da zai kai shi.

Damuwa biyu na da tushe. Ta farko, cire ma'aikaci daga cibiya na shekara guda zai bar giɓi. Maganinta shi ne a riƙa turawa kaɗan-kaɗan, aikin filinsu kuma ya kasance a yankinsu. Ta biyu, wanda ya ƙware zai iya gudu zuwa birni ko ƙungiyoyin agaji. Wannan kan faru ne idan takardar ba ta ƙara wa mutum muƙami ko albashi ba. Dole ma'aikatar kiwon lafiya da ta ma'aikatan gwamnati su amince da ƙwarewar a hukumance, sannan wanda ƙasa ta biya wa karatu ya sa hannu zai yi wasu shekaru a inda aka tura shi. Ma'aikatar ilimi kuma ta ba shi ikon shiga aji da ganin rajista, kwamitocin makaranta da ƙungiyoyin iyaye mata su zama idanunsa.

Kada a tsaya a makarantun boko kawai. Almajirin tsangaya, da yarinyar da ke talla a tasha, da 'ya'yan waɗanda rashin tsaro ya koro daga kan iyaka, duk ruwa ɗaya suke sha da ɗan aji shida, ciwo kuma ba ya tambayar takardar makaranta.

Mun kashe dukiya da gumi mun ƙetarar da yaro shekaru biyar mafi haɗari. Asara ce babba a bar shi ya kurumce, ko ya bar karatu, saboda ciwon da awon minti biyar zai gano. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kira ga hukumomin jihar Maraɗi da shugabannin jami'a da ma'aikatun biyu: su zauna teburi guda kafin wata shekarar karatu ta kama, su fitar da rukunin farko. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.