Lamba 91 da Amanar Ciniki a Kantin Kwari

Duk wanda ya taɓa miƙa katinsa a bakin shago a Kantin Kwari, bayan an riga an naɗe masa turmin atamfa cikin leda, sai na'urar POS ta yi ta juyi ta fito da 'yar takarda mai lamba 91, ya san irin shirun da ke biyo baya. Kwanan baya na ga haka ta faru da wata Hajiya da ta zo haɗa lefe. Wayarta ta nuna an cire kuɗi, takarda ta ce ciniki bai faɗa ba. Mai shago ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban ga komai ba." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma kowa ya fara yi wa ɗan'uwansa kallon zargi.

Lambobin nan ba na banza ba ne. Ƙa'idar ISO 8583 ce ta tsara su: 51 na nufin kuɗi ba su isa ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuwa bankin mai kati ko cibiyar da ke haɗa bankuna ba ta amsa ba. Abin da Hajiya ke son ji, wato ina kuɗinta suka maƙale, babu shi a ciki.

Wannan ciwo ya daɗe yana damun masu gina manhajar kwamfuta. Wayoyinmu na Android, da na'urorin POS masu aiki da Android, duk a kan Linux suke zaune, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Zuciyarsa, da ake kira kanel, ita ce kowace manhaja ke roƙo idan tana son buɗe fayil ko aika saƙo. In roƙon bai yiwu ba, lamba kawai take mayarwa. Mafi ban haushi ita ce 22, EINVAL, ma'ana abin da ka kawo bai dace ba. Wanne daga ciki? Oho. Dalilai iri-iri na iya haifar da ita, sai injiniya ya kwana yana lalube cikin duhu.

Mai karatu zai ce to a sauya lambobin mana. A nan gizo ke saƙa. A Disambar 2012 wani gyara ya sa sashen kyamara na Linux ya koma mayar da lamba 2, ENOENT, a inda aka saba jin 22. Manhajar sauti ta PulseAudio, wadda ke jiran tsohuwar amsa, ta shiga maimaita roƙo ba ƙaƙƙautawa har ta cinye ƙarfin kwamfuta. Torvalds ya yi faɗa mai zafi, ya nanata dokarsa cewa ba a karya manhajar da ke aiki don a gyara kanel. Ɗan Kwari ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ranar da aka wayi gari yadi ya sauya tsawo, ko da sabon ya fi kyau, kowane tela da dillali sai ya tafka asara.

Mafitar da suka samu ita ce a bar lamba yadda take, a ɗora mata bayani a gefe. Sun yi haka a sashen sadarwa a 2017, sannan a hanyar haɗa ma'ajiyar fayiloli a 2019. Ko wannan ma da sauran rina a kaba, domin da zarar wata manhaja ta fara dogaro da kalmomin bayanin, gyara waƙafi ɗaya na iya rikita ta. Shi ya sa nake ganin dole a raba aiki tun farko: lamba ta na'ura ce, ba a taɓa ta; jimla ta ɗan Adam ce, ana iya gyara ta, ana iya fassara ta.

Wannan nake roƙon bankuna da kamfanonin POS, da Babban Bankin Nijeriya da ke sa musu ido. Ku bar 91 a wurinta. Amma a ƙarƙashinta ku rubuta, har da Hausa, cewa mai yiwuwa an cire kuɗi, ga wa'adin dawowarsu, ga inda za a kai kuka in wa'adin ya wuce. Layi uku ne a kan takardar da ko yanzu rabinta fari ne. Ita dai Hajiya a ranar ta bar atamfarta a shago, ta nufi banki.