Kafin A Hana Gawayi, A Nuna Mana Abin Girki

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na je gida Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga. Abin da na fara gani a kicin ɗin gwaggona shi ne tukunyar gas a jingine ta yi ƙura, ga kurfoti cike da gawayi yana ci. Na ce, "Gwaggo, ba ki san gawayi na cinye daji ba?" Ta ce, "Ɗan nan, daji zan dafa wa yara ko tuwo?" Na rasa amsa.

A shekarar 2021, a taron sauyin yanayi na Gilasgo, Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙin da ke ɗumama duniya. Alkawari ne mai kyau. To amma tun 2016 aka janye tallafin kananzir, a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma aka janye na fetur. Kuɗin mota ya tashi, gas ya fi ƙarfin talaka. Duk wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Jos ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kowane buhu bishiya ce ta faɗi, kuma inda bishiya ta ƙare, ruwan sama kan kwashe ƙasar noma.

A ganina, wanda bai da tabbacin abin girkin gobe ba zai saurari wa'azin dashen itace ba. Ko Jamus, da gas ɗin Rasha ya yanke mata a 2022, komawa ta yi ga tashoshin kwal da ta jingine. Idan mai hali ya yi haka, ina ga gwaggona?

Ba ina cewa a ƙyale daji ya ƙare ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gwamnati ta sauƙaƙa farashin gas ɗin girki, tun da Allah ya hore mana shi. A raba murhu mai tsimin itace, a sa sola a asibitoci da kasuwanni, a ba masu ƙona gawayi fili da irin dashe su noma itacen da za su sara. In an yi wannan, sai a kafa doka, mu kuma mu taya tsaronta.

Allah ya sa masu mulki su ji.