Dimokuraɗiyya da Tiyar Hatsi

Tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 magana guda ke yawo a rumfunan kasuwa da ofisoshin gwamnati, daga Yamai har Damagaram: wai dimokuraɗiyya ba a cin ta, ba ta cika tiya, ba ta biyan kuɗin haya. Ana faɗarta da murya irin ta wanda aka cuta, kuma masu faɗar ba jahilai ba ne. Akwai ƴan kasuwa a cikinsu da suka ga gwamnati bayan gwamnati, akwai ma'aikatan da suka yi layin jefa ƙuri'a tun 1993. Magana irin wannan ta cancanci a zauna a yi mata lissafi, irin wanda mai kanti ke yi da dare bayan ya rufe ƙofa.

Mu fara da bashin da ake bin dimokuraɗiyya, domin yana da nauyi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasa rayukansu. Daga wannan jini hanya ta buɗe zuwa taron gamin gambiza, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu. A watan Maris 1993 aka zaɓi Mahamman Usman da kashi 54 cikin 100, Tanja Mamadu na MNSD, jam'iyyar da a da ita kaɗai ce a ƙasa, ya koma adawa ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Jama'a suka ɗauka lokacin cin riba ya zo. Sai ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. Magani ya yi tsada, kayan gyaran mota suka yi tsada, albashi kuwa sai a yi wata da watanni ba a gan shi ba. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka shiga yajin aiki, yara suka zauna gida. Wanda ya sha wannan wuya, in ya ce ƙuri'arsa ba ta sayo masa kome ba, ba ƙarya ya yi ba.

Sai dai lissafin yana da gyara. Masu begen zamanin Janar Seyni Kunce suna tuna albashi kan lokaci da tituna da gine-gine, suna manta cewa kuɗin yuraniyum na ƙarshen shekarun 1970 ne ya yi wannan aiki. Tun farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, kuma Kunce da kansa ne ya fara ɗaure ciki da sharuɗɗan masu ba da bashi kafin rasuwarsa a 1987. Baitulmalin da zaɓaɓɓu suka tarar a 1993 wayam yake. Karya darajar sefa kuma a Dakar aka sanar da ita, ta faɗa kan ƙasashe 14 a lokaci guda, masu zaɓe da masu kaki duka. Ruwan sama da farashin yuraniyum ba su san launin gwamnati ba.

To in ba ta cika rumbu, mene ne amfaninta? Amsar tana cikin wani al'amari da ƴan kasuwa suka fi kowa saninsa, domin da hannunsu aka yi shi.

A farkon 2005 gwamnatin Tanja da firaministansa Hama Amadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi: fulawa, madara, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Gwamnatin ba ta daɗe da cin zaɓe ba, domin a Disamba 2004 aka sake zaɓen Tanja, kuma tana da rinjaye a majalisa. A bisa doka ba abin da zai hana ta. Amma ƙungiyoyin masu saye da na ƙwadago da na farar hula suka haɗa kai suka kafa gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa. A watan Maris dubban mutane suka cika titunan Yamai, aka biyo da ranakun zaman gida, kasuwanni da kantuna da tashoshin mota suka rufe a babban birni da sauran manyan garuruwa. Hukuma ta fusata, ta kama shugabannin gamayyar, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari, ta zarge su da yi wa ƙasa maƙarƙashiya. Ba a daɗe ba aka sake su, aka zauna teburin shawara da mutanen da jiya ake kira masu laifi, kuma kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta janye harajin daga fulawa da madara, ta sassauta shi kan ruwa da wuta ga ƙananan gidaje.

Ya ku masu karatu, a dubi wannan da kyau. Shugaban ƙasa bai sauka ba, soja bai fito daga bariki ba, ba a rufe iyaka ba, ba a yanke wa ƙasa tallafi ba. Gwamnati ta yi kuskure, mutane suka ce ba su yarda ba, ta ja da baya. Abin da ya sa ta ja da baya kuwa ba tausayi ba ne. Gidajen rediyo masu zaman kansu suna watsa kiran gamayyar da Hausa da Zabarmanci, jaridu suna bugawa, lauyoyi suna zuwa kotu, ƴan majalisa kuma sun san wata rana za su koma neman ƙuri'a a hannun mai tuya da mai shayi. Duk uwar gidan da ta sayi madara da burodi bayan Afrilu 2005 ta ci ribar dimokuraɗiyya, ko da ba wanda ya rubuta mata hakan a jikin gwangwani.

A wannan shekara dai aka yi mata wata jarrabawa mafi zafi. Fari da fara sun ci amfanin gonar 2004, kuma da bazarar 2005 ta yi nisa yara suka fara mutuwa a ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya daɗe yana cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe da jaridu masu ƴanci, saboda mai mulki ba ya iya ɓoye ta. Nijar ta nuna iyakar wannan magana, ta kuma nuna gaskiyarta. Tanja ya ce babu yunwa a ƙasa. Gwamnati ta daɗe tana nacewa kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko dala. An yi jinkirin da ya ci rayuka, kuma zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta yi shi. Amma ɓoyon bai yiwu ba. Ƴan jarida sun shiga ƙauyuka, likitocin MSF a Maraɗi sun faɗi adadin yaran da suke karɓa, ƴan adawa sun ɗaga murya, har aka koma rabon abinci kyauta, kuma a watan Agusta Kofi Annan ya zo Damagaram ya gani da idonsa. A kwatanta da farin farkon shekarun 1970, zamanin jam'iyya ɗaya ta Jori Hamani, lokacin da ba jarida ba adawa: ƙorafin karkatar da taimako bai samu ƙofar fita ba sai ta bakin bindiga, ranar 15 ga Afrilu 1974. Adalci ya sa a ambata cewa a 2010 sojan Salu Jibo ne suka fito suka amsa cewa akwai yunwa, abin da Tanja ya ƙi amsawa. Sun kyauta. Amma alherin soja kyauta ce, in ya ga dama ya bayar, in ya hana ba inda za a kai ƙara.

Wurin da dimokuraɗiyyarmu ta sha faɗuwa kuwa sananne ne, kuma kusan kullum hannun zaɓaɓɓu ne ke tura ta. A Janairu 1995 ƴan adawa suka ci kujeru 43 cikin 83, Hama Amadu ya zama firaminista, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da Mahamman Usman, har taron ministoci ya gagara, aikin ƙasa ya tsaya shekara guda a kan gardamar wa ke da ikon naɗa wa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya raba gardamar, mutane da yawa suka yi tafi. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. A watan Yuli, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u, ya rushe hukumar zaɓe ya kafa tasa, ya tsare abokan takararsa a gidajensu. Bashin albashi da aka ce laifin ƴan siyasa ne ya ci gaba da taruwa a ƙarƙashinsa. Da yake ya toshe hanyar da za a sauke shi da ƙuri'a, sai wata hanyar ta buɗe, a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, Allah ya jiƙansa.

Tazarce ta fi ban takaici, domin a can cibiyoyin sun yi aikinsu. A 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Malama Salifu Fatimata Bazeye, ta ce wa Tanja a'a. Ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, ya yi zaɓen raba gardamarsa ranar 4 ga Agusta ya ƙara wa kansa shekara uku, bai ci ko wata biyu daga cikinsu ba sojoji suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Mai son ya ga yadda abin zai kasance da an ji maganar alƙalai, ya dubi Senegal: a Fabrairu 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓe, majalisar tsarin mulki ta soke ɗagewar, ya bi hukuncin, kuma ranar 24 ga Maris aka zaɓi Bassirou Diomaye Faye kwana 10 bayan fitowarsa daga kurkuku. Ba a rufe iyakar Senegal ko yini ɗaya ba.

Shekarun Mahamadu Isufu ma suna da nasu tabo. A 2016 Hama Amadu ya yi takara yana tsare a gidan kason Filinge. A 2020 binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo ɓatan miliyar-miliyar na sefa a kwangilolin makamai, a lokacin da ake binne sojojinmu na Inates da Shinagodar, sai aka wayi gari masu zanga-zanga da ƴan jarida ne ke kwana a kurkuku. Irin wannan ne ya sa ranar 2 ga Afrilu 2021, da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki karon farko tun samun ƴanci a 1960, farin cikin bai ratsa ko'ina ba, kuma da aka tsare Bazum Mohamed bayan shekara biyu da ƴan watanni, waɗanda suka fito kare akwatin zaɓe ba su kai masu tafi yawa ba. Wanda ya rage wa mutane ikon cewa a'a, kada ya yi mamaki in sun ƙi fitowa ranar da ya buƙace su.

Kuɗin juyin mulki kuma wa ke biya? Ɗan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙonni ya san amsa. Bayan Yuli 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Bene, Najeriya ta yanke wuta, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil, shinkafa da magani suka hau, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumin. Takunkumin zalunci ne ga talaka, wannan ba gardama. Amma faɗuwa zaɓe ba ta taɓa jawo mana irinsa ba.

A watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani na wa'adin shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Akwai masu ganin hutu ne, kuma wanda ya san yadda wasu jam'iyyun suka zama kantunan sayar da muƙami zai fahimce su. Tambayar da ya kamata mai kanti da ma'aikaci su yi wa kansu ba ta shafi son Janar ko ƙinsa ba. Kowace gwamnati, komai kishin ƙasarta, wata rana za ta sa harajin da bai dace ba, ko ta jinkirta albashi, ko wani jami'inta ya riƙe kayan ɗan kasuwa a duwan ba bisa ƙa'ida ba. A ranar, wace majalisa za a kai wa kuka, wace rediyo za ta watsa kiran rufe kasuwa, wace kotu za ta saki wanda ya yi kiran? Musa Cangari, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa aka janye harajin madara a 2005, ya yi ƴan kwanaki ne a tsare a wancan karo, aka sake shi ya zauna shawara da ministoci. A Disamba 2024 an sake kama shi a gidansa a Yamai, a farkon Janairu 2025 aka kai shi gidan kason Filinge, kuma ba kasuwar da ta rufe ƙofa saboda shi.