Zangon Kumasi: Me Ya Sa Kuɗin Gidaje Ba Ya Isowa Unguwannin Masu Haya?

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Aboabo, Sawaba ko Asawase da ke birnin Kumasi ya san tambayar farko da mai gida zai yi masa: shekara nawa za ka biya gaba ɗaya? Dokar haya ta Ghana, wadda aka yi tun 1963, ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 kafin a shiga ɗaki. Amma abin da aka saba gani shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu, kuma wanda ya tsaya ja-in-ja zai tarar wani ya riga shi. Ƙididdigar jama'a da gidaje ta 2021 ta nuna cewa ƙasar na da giɓin gidaje kimanin miliyan 1.8, kuma unguwannin zango na cikin wuraren da wannan ƙaranci ya fi ƙuntata wa jama'a.

Idan ruwa ya ci gida ko haya ta gagara, hukumar da talaka ke fara tunkara ita ce majalisar birni, domin ita ce kusa da shi. To sai dai majalisun da ke riƙe da zangon Kumasi ba su da wata kafa tabbatacciya ta samun kuɗin gina gidaje daga gwamnatin tsakiya. Ɗan abin da ya taɓa zuwa kuma, ya tafi ne ga irin gidajen da mazauna zango ba za su iya shiga ba. Wannan shi ne tushen matsalar.

Majalisu biyu, aljihu ɗaya

Unguwannin da ake kira zango a Kumasi sun rabu tsakanin hukumomi biyu. Tsohon zango da ke kusa da tsakiyar gari yana ƙarƙashin Majalisar Birnin Kumasi, wato KMA. Aboabo, Asawase, Sawaba da Adukrom kuwa suna ƙarƙashin Majalisar Asokore Mampong, wadda aka yanko daga KMA a 2012. Ƙididdigar 2021 ta ba wannan ƙaramar hukuma mutum fiye da 190,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 25 ba.

Babbar hanyar da kuɗi ke zuwa wa irin waɗannan majalisu daga Accra ita ce asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda aka fi sani da DACF. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware masa abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a raba wa majalisu 261 da ake da su yanzu. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri kuwa, shugabannin majalisu sun daɗe suna kukan cewa kuɗin na makara da watanni, sannan ana yanke wani kaso tun daga Accra domin shirye-shiryen gwamnatin tsakiya. A 2017 gwamnati ta yi dokar da ta sa iyaka ga kuɗin da ke shiga asusun ire-iren wannan, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2019 cewa ba a isa a rage wa gundumomi abin da tsarin mulki ya ba su ba.

Gwamnatin John Mahama, a kasafin kuɗinta na 2025, ta yi alkawarin tura aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun kai tsaye ga majalisu. Wannan ci gaba ne. Amma kuɗin na zuwa ne da ƙa'idojin kashewa daga sama, kuma abubuwan da ke kan gaba su ne kasuwanni, azuzuwa, ƙananan asibitoci, rijiyoyin burtsatse da tsabtar gari. Ba wanda zai ce waɗannan ba su da amfani, sai dai idan an gama da su babu abin da zai rage na gida.

Majalisar ba ta da wata mafita mai sauƙi. Ba ta iya cin bashi mai kauri sai da yardar ministan kuɗi, kuma ƙasar da ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje a watan Disamba 2022, ta kuma shiga shirin dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023, ba ta da marmarin ba da wannan izini. Harajin gidaje, wanda ya kamata ya zama ƙashin bayan kuɗin shigar majalisa, ba ya kawo abin kirki a unguwar da yawancin gidajenta tsofaffi ne, wasu ma ba a taɓa yi musu ƙima ba. Ƙari a kan haka, shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban kowace majalisa, 'yan majalisar su amince. An shirya ƙuri'ar raba gardama kan zaɓen ƙananan hukumomi a Disamba 2019, aka soke ta ana saura makonni. Shugaban da Accra ta naɗa kuwa, da wuya ya ɗaga wa Accra murya a kan kuɗi.

Asusun zango da abin da bai taɓa ba

Lokacin da Nana Akufo-Addo ya hau mulki a 2017, ya kafa ma'aikatar raya zanguna da tsoffin unguwannin birane, ya naɗa Boniface Abubakar Saddique minista, daga baya Mustapha Abdul-Hamid ya gaje shi. Majalisar dokoki ta kuma amince da dokar kafa Asusun Raya Zango a wannan shekara. Karo na farko ke nan da zango ya samu suna a kasafin kuɗin ƙasa, kuma mutane sun sa rai sosai.

Asusun ya yi ayyukan da ake gani da ido: azuzuwa, fitilun titi, ruwan sha, filayen ƙwallo masu ciyawar roba, da koyar da matasa sana'a da aikin kwamfuta. Gidaje kuwa ba su zama babban aikinsa ba. Kuma asusun ba na majalisu ba ne, daga Accra ake tafiyar da shi, majalisa sai dai ta roƙa ko ta nuna fili. Da aka shiga wa'adi na biyu a 2021, sai aka rushe ma'aikatar, aka mayar da asusun ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa. Ɗan zangon da ke kwana shi da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya ya samu fitila a bakin titi, ɗakin kuwa yana nan yadda yake.

Gida dubu a maƙwabta

Wani zai ce ai gwamnati ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a Asokore Mampong ɗin kanta. Gaskiya ne. An fara aikin a 2006 zamanin John Kufuor, ya tsaya cak na shekaru bayan sauyin gwamnati, daga baya aka miƙa shi ga hukumar fansho ta SSNIT, wadda ta kammala shi a 2020. Rukunin na da gidaje fiye da 1,000, an kuma sa masa sunan Asantehene Osei Tutu na Biyu.

Tambayar ita ce, wa ya shiga? SSNIT kuɗin 'yan fansho take juyawa, dole ta sayar a farashin da zai dawo mata da jarinta. Mai saye na buƙatar ko dai dunƙulallen kuɗi, ko takardar albashi da banki zai karɓa, a ƙasar da kuɗin ruwa ya daɗe yana haura kashi 20 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 bai kai sidi 20 ba. Mai sayar da waakye, da ɗan dako a kasuwar Kejetia, da mahauci, da mai ɗinki ba su da takardar albashi ko ɗaya. Gidajen na da tazarar 'yan mintuna daga Aboabo, amma ba don mutanen Aboabo aka yi su ba.

Labarin Saglemi da ke kusa da Accra ya fi wannan muni. An ci bashin dala miliyan 200 a 2012 domin gida 5,000, aka tsaya a kusan 1,500, suka yi shekaru ba kowa a ciki ana ta shari'a da zargin juna tsakanin jam'iyyun NDC da NPP. Darasin ɗaya ne: salon gina katafaren rukuni a bayan gari yana cin kuɗi da lokaci, yana mutuwa idan mulki ya sauya, kuma ko ya kammala ba ya sauka ga mai ƙaramin ƙarfi.

Matsalar takarda

Akwai dalilin da ya sa ko an samu kuɗi, kashe shi a cikin zango ke da wuya, kuma dalilin na da tarihi. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma mamayar da Turawan Ingila suka yi wa Asante a 1896, lokacin da fataken goro Hausawa da sauran 'yan arewa suka sauko kudu. Sun zauna a matsayin baƙi a ƙasar da ke hannun sarautar Asante. Har yau yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, ba a sayar da su mutlak, sai dai a ba da su haya ta dogon lokaci. Korar baƙi da gwamnatin Kofi Busia ta yi a 1969 ta ƙara dagula lissafi, domin gidaje da dama sun sauya hannu cikin gaggawa.

Yau gidan zango na gargajiya, mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, sau da yawa gado ne na 'ya'ya da jikoki masu yawa, wasu a Kumasi, wasu a Accra, wasu a Turai ko Amurka. Takardar fili na ɗauke da sunan kakan da ya rasu tuntuni, idan ma akwai ta. Banki ba ya karɓar irin wannan gida jingina. Mai son zuba jari ba ya samun wanda zai sa hannu da yawun kowa. Magada kuma ba mai son kashe kuɗinsa a ginin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Haka gida ke tsufa, kwano na yoyo, ana ƙara raba ɗaki gida biyu, idan damina ta zo kuma rafin Aboabo ya cika ya shiga gidajen da ke bakinsa.

Abin da ya taɓa yin aiki

Ba wai babu misalan da suka yi nasara ba. A 2020 Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 125 domin faɗaɗa aikin tsabta da ruwan sha zuwa Kumasi da kewayenta, da burin gina bandakuna 30,000 a cikin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Tsarin mai sauƙi ne: aikin ya ɗauki mafi yawan kuɗin, mai gida ya cika sauran, majalisa ta yi rajista ta kuma sa ido. Ba a tashi kowa ba, an gyara gidan da mutane ke ciki ne.

A Ashaiman kusa da Tema ma, mazauna unguwar Amui Dzor sun haɗa adashi ta ƙungiyarsu, masarauta ta ba da fili, shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsugunai ya tsaya musu wajen banki, aka gina bene mai gidaje kusan 30, da shaguna da bandakin haya a ƙasa domin taimaka wa biyan bashi. Aikin ƙarami ne, amma waɗanda aka yi dominsu ne suka shiga.

Abin da ya kamata majalisu su nema

Idan KMA da Asokore Mampong za su je Accra neman tallafi, sabon rukunin gidaje ba shi ne abin da ya fi dacewa su roƙa ba. Abu na farko shi ne kuɗin tantance filaye da sabunta takardun gidajen gado, tare da fadar Manhyia, hukumar filaye, Sarkin Zango da malaman da suka san rabon gado. Na biyu, magudanan ruwa da hanyoyin cikin unguwa, waɗanda aikin majalisa ne tun asali. Na uku, wani asusun lamuni da zai tsaya wa magada su gyara gida ko su ɗora bene, bisa sharaɗin cewa ba za a kori 'yan hayar da ke ciki ba, ba kuma za a karɓi fiye da abin da doka ta yarda ba. A unguwar da mutane da yawa ke ƙyamar bashi mai ruwa, dole tsarin ya yi la'akari da hakan, in ba haka ba kuɗin zai zauna ba mai taɓawa.

Akwai haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. Gidan da ya samu takarda mai kyau darajarsa na tashi, kuma zangon Kumasi na zaune ne a tsakiyar gari inda 'yan kasuwa ke neman wurin shaguna da ɗakunan ajiya. Idan ba a sa sharaɗi ba, gyaran zai ƙare ne da magada sun sayar, 'yan haya kuma sun koma bayan gari. Shi ya sa mazauna Nima da Maamobi a Accra suka yi ɗari-ɗari lokacin da ministan gidaje Samuel Atta Akyea ya yi maganar sake gina unguwanninsu a 2019.

Mai karatu a Maraɗi, Damagaram ko Kano ba baƙo ba ne ga wannan labari. A Najeriya sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A Nijar kuwa an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na wannan shekarar, aka naɗa masu riƙo. Ko'ina hukumar da ta fi kusa da talaka ita ce mafi ƙarancin iko da kuɗi.

Zangon Kumasi na da bakin magana a gwamnati mai ci, domin ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mohammed Mubarak, shi ne ministan cikin gida tun 2025. Jam'iyyun biyu kuma sun san nauyin ƙuri'ar zango. Abin da za a auna su da shi kafin zaɓen 2028 shi ne ko kasafin majalisun biyu zai fito da layi na musamman na gyaran gidaje, da adadi a gabansa, da kuma ko kuɗin zai iso kafin wata daminar.