Kiɗa Da Tattaki Don Masu Sankarar Mama: Nawa Ke Isa Ga Majinyaciya?

 Yau zancenmu zai kai mu ƙasar Amurka ne, mu duba wata al'ada da matan can suka ɗauka, wadda in kun ji bayaninta za ku ce ai ajo ne, sai dai ajon nasu ba na biki ba ne, ba kuma na neman jari ba. Mata ne su biyar ko goma, maƙwabtan juna ko abokan aiki, sukan nemi zauren makaranta ko ɗakin taro na unguwa, su roƙi makaɗa da mawaƙan garinsu su zo su yi wasa kyauta, sa'an nan su sa kuɗin shiga, a sayar da abinci da abin sha. Abin da aka tara a daren nan ba na masu ajon ba ne. Kuɗi ne da za su kai kafin a yarda su shiga wata doguwar tafiya a ƙasa, wadda ake shiryawa don taimakon masu ciwon dajin mama, watau sankarar mama.

Na san wata za ta ce yau ga abin mamaki, mutum ya wahalar da ƙafarsa sa'an nan kuma ya biya? To, ga yadda abin yake. Tattakin da ya fi suna a can shi ne na kwana uku, wanda ƙungiyar Susan G. Komen ta riƙa shiryawa tun daga 2003. Tafiyar mil 60 ce, kusan kilomita 96 ke nan, ana cin kamar mil 20 kowace rana, kuma a shekarun baya matan kan kwana a cikin ƙananan tantuna masu ruwan hoda. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce kowace mai tafiya ta tara aƙalla dala 2,300, ban da kuɗin rajista. Kamfanin Avon mai sayar da kayan shafe-shafe shi ma ya yi nasa na kwana biyu, mil 39, daga 2003 zuwa 2017, inda akan nemi dala 1,800 daga kowace mace. 'Yan makaranta, ku ɗauki alƙalami: mata 10 da suka haɗa kai za su yi tattakin kwana uku, dala 23,000 ke kansu. Wa zai iya tara wannan ta hanyar roƙon dangi kaɗai? Yau ka ba, gobe ka ba, jibi sai a fara ɓuya in an hango ka. Dalilin da ya sa ake kiran makaɗa ke nan, don mutum ya fi sakin hannu in ya san zai sha kallo.

Asalin abin kuwa alkawari ne tsakanin ya da ƙanwa. Susan Komen 'yar garin Piyoriya ce a jihar Ilinoyi, an gano tana da cutar tana da shekara 33, ta rasu a 1980 tana da shekara 36. Ƙanwarta Nancy Brinker ta yi mata alkawarin za ta yi iyakar ƙoƙarinta a kan wannan cuta, ta kafa ƙungiyar a birnin Dalas a 1982. Tseren farko da suka shirya a 1983, mutum 800 ne suka fito. A wancan zamani matan Amurka ma ba su cika ambaton wannan ciwo a bainar jama'a ba, kunya da tsoro sun rufe musu baki kamar yadda suke rufe wa da yawa daga cikinmu. Shi ya sa a 1974, da aka yi wa Betty Ford matar shugaban ƙasa aikin cire mama ta kuma yarda a faɗa wa duniya, mata da yawa suka tafi asibiti a duba su.

Ingila ma tana da irin nata. Wata mata mai suna Nina Barough ta ja mata 13 suka yi tattaki a birnin New York a 1996, suka tara fam 25,000, ba a jima ba ita kanta aka gano tana da cutar. Daga nan ne aka fara tattakin dare na birnin Landan a 1998. Shigar da sukan yi dai ba irin tamu ba ce, sai mu bar musu abinsu.

Yanzu sai mu zo kan tambayar da ta sa na ɗauko zancen, watau cikin kuɗin da mai kallo ya biya a bakin ƙofa, nawa ne ke isa ga majinyaciya ko ga likita mai bincike? Ga lissafi na misali, ba na wani taro da aka yi ba. A ce mutum 200 sun shiga, kowa ya biya dala 20, an sami dala 4,000. A fitar da kuɗin zaure da lasifika da buga tikiti, a ce dala 1,000, saura 3,000. Wannan ake kai wa masu shirya babban tattakin, su kuma suna da nasu ɗawainiyar: tantuna, abinci, ruwan sha, motocin ɗaukar waɗanda suka gaji, ma'aikatan jinya masu ɗaure ƙafafun da suka yi bororo, talla a rediyo da talabijin, da albashin ma'aikata. In wannan ya ci kashi 40 cikin 100, abin da ya rage dala 1,800 ne. Ashe cikin dala 20 da mai kallo ya ba da, 9 ce ta kai inda ya nufa.

Wannan kashi 40 da na ambata ba daga kaina na ƙago shi ba, yana da tarihi. Wanda ya ƙirƙiro tattakin kwana uku wani ɗan kasuwa ne mai suna Dan Pallotta. Kamfaninsa ne ya fara shirya shi a jihar Kalifoniya a 1998, da sunan Avon. Jaridu suka yi ta sukarsa cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ake tarawa yana tafiya ne wajen talla da hidimar taron. A 2002 Avon ya raba gari da shi, kamfanin ya durƙushe, ma'aikata kamar 350 suka rasa aikinsu. Shi kuwa bai yarda ya yi laifi ba. A wani jawabi da ya yi a 2013, ya ce cikin shekara biyar tattakin ya samar da dala miliyan 194 bayan an fitar da duk abin da aka kashe, kuma a 2002 kaɗai an sami miliyan 71. Ya kwatanta kansa da masu sayar da kek don taimako, waɗanda ba su kashe kome ba sai ɗan kaɗan, amma abin da suka samu bai wuce dala 71 ba, ya ce a zaɓi wanda ya fi amfani ga marasa lafiya.

A ganina mutumin nan yana da gaskiya, amma rabi. Lalle sai an zuba hatsi kaji ke taruwa, kuma taron mutum dubu ba ya shiryuwa da fatar baki. Wadda ta taɓa riƙe kuɗin biki ta san haka. Amma akwai bambanci tsakanin kuɗin ɗan kasuwa da kuɗin taimako. Matar da ta yi wata shida tana koyon doguwar tafiya, ta bi gida gida, ta roƙi makaɗa, ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarin mahaifiyarta da cutar ta kashe, mutuncinta ne ta jingina. Hakkinta ne, da ita da waɗanda suka ba ta, a gaya musu tun kafin su buɗe jaka cewa cikin kowace dala ga abin da zai tafi hidima, ga abin da zai isa asibiti. In sun ji sun yarda, shi ke nan. Ɓacin rai yana zuwa ne in mutum ya tsinci labarin a jarida bayan ya riga ya bayar.

Wani abin kuma da ya shigo shi ne ciniki. Ƙyallen nan mai ruwan hoda da ake maƙalawa a ƙirji, wanda ya bazu tun daga 1991 da 1992, 'yan kasuwa sun ga yana jawo masu saye, sai suka shiga manna shi a jikin kayansu. Kamfanin Yoplait mai yin kindirmo ya ce duk wadda ta aiko da murfin gwangwaninsa zai ba da kwabo 10 na kuɗin Amurka, alhali kan sarkin da za ta manna a ambulan ya ninka haka sau uku. A 2010 kamfanin KFC ya sayar da soyayyar kaza a bokiti mai ruwan hoda, yana ba da kwabo 50 a kan kowane bokiti, mutane suka ce yaya za a yaƙi cuta da abincin da ke kawo ƙiba, ga shi kuwa ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Wata ƙungiyar mata ta birnin San Faransisko mai suna Breast Cancer Action ta fara gangami tun 2002, tana cewa mace ta tambaya kafin ta saya: nawa za a bayar, wa za a ba, me za a yi da shi? A nan ajon unguwa ya fi, don ko ba kome ka san fuskar wadda ka miƙa wa kuɗinka, gobe ma za ka gan ta a kasuwa.

Yadda amana ke da saurin zubewa ya fito fili a 2012. A farkon shekarar ƙungiyar Komen ta ce za ta daina ba ƙungiyar Planned Parenthood kuɗin duba mata, saboda wata rigima da ta haɗa da siyasar ƙasar. Cikin 'yan kwanaki ta janye maganar, amma aikin gama ya gama. Masu fitowa suka ragu, har a 2013 ta ba da sanarwar rage biranen tattakin kwana uku daga 14 zuwa 7. Ku tuna, waɗannan matan ba albashi ake biyansu ba, ranar da zuciyarsu ta sosu sai su zauna a gida, makaɗan ma haka.

To, duk da wannan, kada wata ta ɗauka cewa nake wahalar banza ce. Daga 1989 zuwa 2022 yawan mace-macen wannan cuta a Amurka ya ragu da kashi 44 cikin 100. Ba tattaki ne ya yi wannan shi kaɗai ba, aikin gano cutar da wuri ne da ingancin magani, kuma mafi yawan kuɗin bincike daga gwamnati da kamfanonin magani yake fitowa. Abin da tattaki da kiɗa suka yi, wanda ba ya shiga littafin ma'aji, shi ne sun fitar da ciwon daga ƙuryar ɗaki. A irin wannan dare, tsakanin waƙa da waƙa, sai wata da ta warke ta karɓi lasifika ta ce ga yadda ta ji ƙullutu, ga yadda ta je asibiti, ga ta nan a tsaye. Cikin masu sauraro ba a rasa wadda ta daɗe tana ɓoye nata. Sai dai alherin bai game kowa ba, don ko a Amurkan baƙaƙen mata sun fi farare mutuwa da wannan cuta da kusan kashi 40 cikin 100, ko da yake ba su fi su kamuwa da ita ba. Rashin kuɗin asibiti da jinkirin gano cutar suna cikin dalilan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 kuma suka mutu. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka gano, fiye da 9 kan kai shekara biyar da ransu, amma a Afirka ta Kudu 4 ne kacal. Mu nan Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma akasari sai ta yi nisa ake zuwa asibiti, bayan an gama shafe-shafe da tsaga. Al'adar tattakin ma ta iso mu. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta warke daga cutar, ta kafa ƙungiyarta a Ibadan a 1997, gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu kuma ta yi shekaru tana shirya tattaki a Abuja cikin watan Oktoba. Saboda haka tambayar da matan Amurka suka koyi yi, mu ma ta zama tamu. In an kawo miki tikiti ko riga mai ruwan hoda, ki saya in kina da hali, amma ba rashin kunya ba ne ki tambaya mata nawa aka duba da kuɗin bara, nawa aka biya wa magani. Ni da za a ji shawarata, duk inda za a yi irin wannan wasa sai a keɓe ɗaki guda a gefe, a sa ma'aikaciyar jinya mace, duk mai so ta shiga a duba ta a asirce kafin a tashi.

Kafin nan, ga abin da kowace mace za ta lura da shi a jikinta, kuma 'yan makaranta ku karanta wa iyayenku mata da ba su yi boko ba. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, don sau da yawa na farkon ba ya ciwo. Kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko ya riƙa fitar da jini ko wani ruwa ba na shayarwa ba. Fatar wurin ta lotsa, ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, ko kuma mama ɗaya ya sake girma ko kama. Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, amma hannu ba ya rarrabewa, sai likita ya gwada. Kada kuma wata ta ce ai babu mai irin wannan a danginmu, don mafi yawan waɗanda ke kamuwa ba su gaje ta ba. Wadda ta ga ɗaya daga cikin alamun nan ta sanar da maigida ko wata babba a gida, a je asibiti cikin makon, kada a jira sai an yaye yaro ko sai bayan kaka.

Sai mun sake saduwa.